Darasi na 6: Tumatirin da ya yi tabo, a ci ko a zubar?

To 'yan uwa, ku karanta a hankali, ba sauri muke ba. Tabo a jikin tumatirin da kuka shuka da hannunku ba shi ne ya ce a zubar ba. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an wanke, an yanka, an duba ciki. Ku maimaita: a wanke, a yanka, a duba ciki.

Na farko, baƙin gindi

Ku ɗauki tumatir ku juya shi. Gindi shi ne ɓangaren da ba kara, inda fure ya faɗi. In kun ga wurin ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ya lotsa, ya bushe kamar tsohuwar fata, to wannan ba cuta ba ce kuma ba ya kama sauran. Sinadarin kalsiyam ne bai isa cikin ɗan tumatirin ba, kuma yawanci ban ruwa ne ke jawo shi, yau a cika ruwa gobe a bar ƙasa ta bushe ƙamas, shuka ta kasa jan abin da take buƙata. Ku sa wuƙa mai tsabta ku yanke baƙin har ku ɗan shiga cikin jan da ke lafiya, kamar faɗin yatsa ɗaya. Yanzu ku duba ciki. Ja ne, da ƙarfi, ba wari? A ci. Baƙin ya bi ta tsakiya ko ya yi ruwa-ruwa? A zubar. Kun ga ba wuya, da yawanku kun iya tun karon farko.

Amma fa a duba cikin. Nan ne ake ta kuskure, mutum ya yanke gindi kawai ya jefa sauran a tukunya ko kallo bai yi ba. Wani lokaci waje tas, ciki ya ruɓe. Ku raba shi biyu, ku buɗe, ku kalla, ku sansana.

Na biyu, tsagewa

Ruwa mai yawa bayan ƙasa ta bushe shi ke sa ciki ya kumbura fata ta tsage. In tsagar sabuwa ce ko ta bushe tsaf, a yanke wurin a yi amfani da shi ranar, kar a ajiye. In ƙuda ya sauka ko ta fara yauƙi, a'a. Sannan me? A duba ciki. Wallahi na gaji da faɗa, duk aji sai na samu wanda ya tsallake wannan, don Allah ku daina.

Na uku, fumfuna

Gashi-gashi fari, toka ko baƙi. Wannan ba a yanke shi, tumatir abu ne mai laushi da ruwa, fumfuna tana shiga can ciki inda ido ba ya gani. A zubar da shi duka, kar a ce ai dafawa za a yi.

Na huɗu, ƙunar rana

Fari ko rawaya a gefen da rana ke duka. A yanke, a duba ciki.

Na biyar, rami

Tsutsa ce. A buɗe, in ta ɓata ciki a zubar. In haƙorin ɓera ne a zubar kawai.

Aikin gida: ku kawo tumatir 3 masu tabo da wuƙa.