Kurakuran da ake yi wajen zama da masoyi mai shaye-shaye

Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon shekarar 2019 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Da yawa daga cikinsu suna da mata ko miji ko wanda aka sa wa rana, kuma mai zama da su kan yi kuskure da kyakkyawar niyya.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne cewar da ake yi aure zai gyara shi. Budurwa ta ga idon saurayinta jajir a wurin zance, ta ji harshensa yana harɗewa, ta gaya wa mahaifiyarta, sai a ce mata ƙuruciya ce, da zarar nauyin iyali ya hau kansa zai nutsu. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin ba ɗaurin aure ne zai raba shi da su ba, hasali ma kuɗin cefane da na haya sukan ƙara masa damuwar da yake gudu. Abin da ya dace shi ne a ɗage biki, waliyyai su san gaskiya, a ga likita, sannan a ga watanni na natsuwa kafin a sake maganar rana.

Bayan aure kuma sai rufin asiri ya karɓi ragama. Matar za ta kira maigidansa a kasuwa ta ce zazzaɓi ne ya hana shi fitowa, ta sayar da ɗan kunnenta ta biya bashin da ya ci, ta tsince kwalabe daga bayan gado kafin surukarta ta shigo. Duk lokacin da ta yi haka ta ɗauke masa nauyin abin da ya aikata ne, shi kuwa bai ga dalilin dainawa ba. Rufa wa miji asiri abu ne mai kyau, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zaɓi babba ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, a gaya musu, kuma a daina ba shi tsabar kuɗi a hannu. Haka abin yake ga mijin da ya gano matarsa tana shan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a watan Mayun 2018. Gori da barazanar saki ba sa ƙara mata komai sai iya ɓoyo.

Wasu kuma sukan zubar da ƙwayoyin a masai, su kulle mutum a ɗaki domin ya daina lokaci guda. Wannan yana da haɗari, musamman ga wanda ya daɗe yana shan rochi ko Valium, domin yanke su farat ɗaya yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Likita ne yake rage su sannu a hankali. Gidan mari ma ba mafita ba ne. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum kusan 300, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, ya isa ishara. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Nasiha ga wanda yake cikin maye ɓata baki ne, sau da yawa ma ita ce mafarin duka. A bari sai ya wartsake. Idan kuma ya koma ruwa bayan magani, kada a ce an yi aikin banza, domin komawa abu ne da likitoci suka sani a wannan ciwo, kuma abin yi shi ne a mayar da shi wurinsu da wuri. Amma inda duka ya shigo, ko yara suka fara tsintar ƙwaya a tsakar gida, haƙuri ya ƙare: matar ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gida, kuma shari'a ta ba ta damar kai ƙara gaban alƙali saboda cutarwa.

Akwai kuskure guda da yake kashewa cikin dare ɗaya, wato a ga mutum ya sheme a ce barci yake yi. Idan numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke, leɓensa ya sauya launi, an girgiza shi bai motsa ba, kada a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya bi ta hanyar numfashi su shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar ko kwalin abin da ya sha, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.