Yadda Ake Zaɓen Mitar Haske Mai Araha Don Ɗaukar Hoto

Kusan kowace kyamarar dijital da ake sayarwa a yau tana ɗauke da ma'aunin haske a cikinta, saboda haka kafin mutum ya fitar da kuɗinsa ya sayi mita mai zaman kanta, ya kamata ya tabbatar yana cikin waɗanda ke buƙatarta. Masu buƙatarta da gaske su ne waɗanda ke aiki da tsofaffin kyamarorin fim da ba su da mita ko kuma mitarsu ta mutu, da masu haska mutum ko kaya da filasha a situdiyo, da kuma masu ɗaukar hotuna da yawa a wuri guda waɗanda ke son haskensu ya zo daidai daga na farko har na ƙarshe. Wanda yake aiki da kyamarar dijital a hasken rana kawai, yana kuma duba sakamakon a allonta nan take, ba lallai ne mita ta ƙara masa komai ba, kuma gara ya adana kuɗin don wata buƙata.

Aikin mita ba shi da sarƙaƙiya. Ana gaya mata lambar ISO ta fim ko ta kyamara, wato lambar da ke nuna saurinsu wajen karɓar haske, sai ta auna haske ta ba da faɗin ƙofar lens da saurin shata da suka dace da shi. Duka ukun ana lissafa su ne da mataki, kuma kowane mataki guda yana ninka haske sau biyu ko ya raba shi biyu: idan aka rage ƙofar lens daga f/4 zuwa f/5.6 rabin hasken ne zai shiga, haka ma idan aka ƙara saurin shata daga 1/125 zuwa 1/250 na daƙiƙa. Wannan lissafin iri ɗaya ne a mita mai tsada da mai araha. Abin da ya bambanta su shi ne irin hasken da kowace take iya gani, da yadda take kallonsa, da kuma ko tana ba da amsa ɗaya a duk lokacin da aka nuna mata haske ɗaya. A kan waɗannan abubuwa uku ya kamata a gina zaɓi, ba a kan yawan maɓallai ko girman allo ba.

Hanyoyin aunawa biyu ne, kuma fahimtar su ita ce rabin aikin zaɓen. Ta farko ita ce auna hasken da ke dawowa daga jikin abin da za a ɗauka. Haka mitar cikin kyamara take aiki, haka kuma ƙananan mitocin da ake ɗorawa a mazaunin filasha a saman kyamara. Raunin wannan hanya shi ne mitar ba ta san abin da take kallo ba. An saita ta ne ta ɗauka cewa duk abin da ke gabanta launin toka ne matsakaici, irin wanda ake kwatantawa da katin toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske. Idan aka nuna mata farin bango, sai ta zaci haske ya yi yawa ta rage shi, farin ya fito kamar toka. Idan aka nuna mata baƙin yadi, sai ta zaci duhu ne ta ƙara haske, baƙin ya koɗe. Mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya yana haɗa matsalolin biyu a hoto guda, domin amsar mitar za ta riƙa canzawa gwargwadon yadda kayan ko fuskar suka fi cika idonta, alhali hasken wurin bai canza ba ko kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce auna hasken da ke sauka a kan abin. Mitar da ke yin wannan tana da wani farin ƙoƙo a kan idonta. Mai ɗaukar hoto yana zuwa inda mutumin yake tsaye, ya riƙe mitar kusa da fuskarsa, ya juya ƙoƙon ya fuskanci kyamara, sannan ya danna. Tun da hasken kansa aka auna, launin kaya da na fata ba sa rikita amsar: fari ya fito fari, baƙi ya fito baƙi. A ganina, wannan ne babban dalilin sayen mita ta daban, domin ita ce hanyar da kyamara ba za ta iya yi da kanta ba. Duk wanda kuɗinsa bai wuce na mita ɗaya ba, ya nemi mai farin ƙoƙo. Sai dai hanyar tana da iyaka: ba ta aiki ga abin da shi kansa yake fitar da haske, kamar faɗuwar rana ko fitilun titi da dare, kuma ba ta aiki ga abin da ke nesa sai idan hasken da ke sauka a kansa iri ɗaya ne da na inda mutum yake tsaye. Abin farin ciki shi ne yawancin mitoci masu ƙoƙo suna yin hanyoyin biyu, ana zame ƙoƙon gefe sai su koma auna hasken da ke dawowa.

Akwai kuma mitar ɗigo, wadda ake leƙawa ta cikinta a auna wani ɗan ƙaramin wuri da bai wuce faɗin digiri 1 ba. Masu ɗaukar hoton duwatsu da filaye da manyan kyamarorin fim suna ƙaunarta, saboda tana ba su damar auna inuwa daban, su auna wurin haske daban, su san tazarar da ke tsakani. Pentax Digital Spotmeter da Minolta Spotmeter F sun yi suna a wannan fanni. Amma ko kwancensu ba shi da araha, kuma amfani da su yana buƙatar mutum ya riga ya iya yanke hukunci a kan abin da yake so ya yi duhu da abin da yake so ya yi haske. Mai farawa ya bar ta tukuna.

Tambaya ta gaba ita ce filasha. Hasken filasha yana zuwa ya wuce cikin ƙiftawar ido, kuma mitar da aka ƙera don hasken rana da na fitila ba ta ganinsa sam. Idan akwai yiwuwar mutum zai yi aiki da filasha a nan gaba, ya fi sauƙi ya ƙara ɗan kuɗi yanzu da ya sake sayen wata mita daga baya. Mitocin filasha suna aiki ta hanya biyu: ko a haɗa su da filashar da waya su kunna ta da kansu, ko kuma a danna maɓalli su tsaya suna jira har hasken ya walƙa. Ta biyun ta ishi mafi yawan mutane.

Wurin da masu neman araha suka fi yin asara shi ne kasuwar tsofaffin mitoci, saboda haka ya dace a tsaya a nan sosai. Tsofaffin mitoci sun kasu ne bisa irin idon da ke karɓar haske a cikinsu. Na farko shi ne idon siliniyam, irin na jerin Weston Master, wanda ake gane shi da faffadan gilashi mai ƙurajen saƙar zuma. Ba ya buƙatar batir, domin hasken ne da kansa yake samar da wutar da ke motsa allura. Amma ba ya gani a wuri mai ƙarancin haske, kuma yana rauni da tsufa, musamman idan danshi ya shige shi ko ya daɗe a buɗe. Mafi muni, rauninsa ba ya zuwa daidai a ko'ina: yana iya ba da amsa mai kyau a inuwa ya yi kuskure a rana. Na biyu shi ne idon da ake rubutawa CdS, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 1960, kamar a Gossen Lunasix, wadda aka sayar a Amurka da sunan Luna-Pro. Yana gani a duhu fiye da siliniyam nesa ba kusa ba, amma yana da jinkiri, kuma idan aka fito da shi daga haske mai ƙarfi yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo daidai. Na uku shi ne idon silikon, wanda ke cikin kusan duk mitocin zamani: yana da sauri, yana jure tsufa, kuma shi ne ke iya auna filasha.

Matsalar mitocin CdS ba a idon kaɗai take ba, tana cikin batir. Da yawansu an ƙera su ne don batirin zaiba mai ƙarfin volt 1.35, wanda ƙarfinsa ba ya sauka har sai ya kusa ƙarewa. An daina yin wannan batir saboda gubar da ke cikinsa, kuma Amurka ta hana sayar da shi da dokar 1996. Batirin alkalin mai siffa ɗaya yana shiga ramin, allura ma ta motsa, sai mai saye ya ɗauka komai lafiya. Amma ƙarfinsa volt 1.5 ne, kuma yana raguwa a hankali, don haka kuskuren mitar yana canzawa daga wata zuwa wata. Akwai mafita, ko dai batirin na'urar taimakon ji mai volt 1.4, wanda ba ya daɗewa da zarar an ɓare shi, ko kuma adaftar MR-9 da ke rage ƙarfin batirin azurfa, sai dai idan aka haɗa kuɗin waɗannan da wahalarsu, arahar takan gudu. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce ya tambayi irin batirin kafin ya tambayi farashi. Idan AA ne, ko CR2032, ko batirin volt 9 mai kusurwa huɗu, to ana iya ci gaba da ciniki.

Idan aka tace da waɗannan sharuɗɗa, sunayen da suka rage ba su da yawa. Jerin Sekonic L-308 shi ne na fi ba da shawara ga mafi yawan mutane: yana auna hasken da ke sauka da wanda ke dawowa, yana auna filasha da waya ko babu waya, yana aiki da batirin AA guda ɗaya, yana kuma shiga aljihu. L-308X ita ce sabuwa a jerin, kuma tana da tsarin masu ɗaukar bidiyo, amma wanda hoto kaɗai yake yi zai sami abin da yake buƙata a kwancen L-308S. Minolta Auto Meter IV F ma mita ce ta ƙwarai mai auna filasha da batirin AA, kuma ko da yake Konica Minolta, kamfanin da ya gaji sunan Minolta, ta fita daga harkar kyamara a 2006, kamfanin Kenko ya ci gaba da ƙera irin mitocinta da sunansa. Ga wanda ba ruwansa da filasha, Sekonic L-208 ƙarama ce mai allura, Gossen Digisix kuma ƙarama ce mai lambobi, duka biyun suna amfani da CR2032. Cikin tsofaffi, Gossen Luna-Pro SBC tana da idon silikon da batirin volt 9, kuma tana gani a duhu sosai, illa dai tana da girma. Mai son mitar da ba ta cin batir ya duba Sekonic L-398A, amma ya sani ba ta da ƙarfi a ƙarancin haske, ya kuma tabbatar ɗan faifan ƙarfen da ake zura mata a rana mai ƙarfi yana nan, domin yakan ɓace.

Ƙananan mitocin saman kyamara, irin Voigtländer VC Meter II da makamantanta, suna da daɗin ɗauka ga mai yawo da tsohuwar kyamara, amma hasken da ke dawowa kaɗai suke aunawa. Yawancin manhajojin waya ma haka suke, kuma ingancinsu ya danganta da kyamarar wayar. Suna iya isar mai aiki da fim ɗin negatif, wanda ke jure ƙarin haske na mataki ɗaya ko biyu, amma fim ɗin silaid, wanda ake haska hotonsa kai tsaye a bango, ba ya yafe kuskure irin wannan. A kuma yi hattara da na'urorin auna hasken ɗaki masu ba da amsa da laks, wato awon ƙarfin hasken wuri. Suna da araha, amma an yi su ne don masu aikin wuta da gine-gine, ba sa faɗin ƙofar lens ko saurin shata, kuma ba sa ganin filasha.

Kafin a biya kuɗin kwance, a gwada. A buɗe ramin batir a duba ko akwai tsatsa ko farin gari. A duba ƙoƙon, kada ya zama ya tsage ko ya koma rawaya, domin hakan yana rage hasken da ke isa ga ido. Idan mai allura ce, a rufe idonta a ga ko allurar ta koma kan sifiri, a kuma karkata ta a ga ko tana maƙalewa. Daga nan sai a fita rana tsaka a ranar da babu gajimare, a saita ISO 100: mitar kirki za ta ba da kusan f/16 a 1/125. Sannan a gwada ta da kyamarar dijital a kan katin toka ko bango mai launi ɗaya a wurare uku, a rana, a inuwa, da kuma cikin ɗaki mai ƙarancin haske. Bambancin sulusin mataki tsakanin mitoci biyu masu lafiya abu ne da aka saba gani, kada ya tayar da hankali. Idan mitar tana kuskure iri ɗaya a wuraren uku, misali rabin mataki sama a ko'ina, ana iya saye, domin ana gyara wannan ta sauya lambar ISO da aka ba ta ko ta maɓallin gyara idan tana da shi. Idan kuwa ta yi daidai a rana, ta yi ƙasa da mataki ɗaya a inuwa, ta yi sama a ɗaki, to a mayar wa mai ita komai arahar ta. Wanda zai saya daga nesa, inda ba zai iya yin wannan gwaji da hannunsa ba, ya nemi mai sayarwa da ya yarda a dawo da kaya, kuma ya yi gwajin a ranar da mitar ta iso.