Yadda ɗalibi zai tsara wayarsa ta taimaka masa wajen karatu

Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Yelwa yake ko a Gubi, da takwaransa na Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, kusan dukkansu da waya suke karatu, domin ta WhatsApp ake turo takardun darasi, ta nan kuma wakilin aji yake sanar da cewa an ɗaga lakca. Saboda haka shawarar da wasu iyaye kan bayar ta a ajiye waya gaba ɗaya har a gama jarrabawa, duk da kyakkyawar niyyar da ke cikinta, ba abu ba ne da zai yiwu ga yawancin ɗalibai. Abin da zai yiwu shi ne a tsara wayar, kuma a bi matakan bi da bi, domin wanda ya cika wayarsa da manhajojin karatu bai toshe abin da ke ɗauke masa hankali ba, ya ƙara wa kansa abin latsawa ne kawai.

Mataki na farko shi ne ɗalibi ya san inda lokacinsa yake tafiya. A cikin saitin yawancin wayoyin Android akwai wani sashe mai suna Digital Wellbeing, wanda kamfanin Google ya fito da shi a shekarar 2018, a iPhone kuma ana kiran makamancinsa Screen Time. Sashen yana nuna awannin da aka shafe a kan kowace manhaja da yawan lokutan da aka buɗe wayar a yini. Sai ɗalibi ya zaɓi biyu ko uku da suka fi cin lokacinsa, TikTok ne ko Facebook, ya sanya wa kowacce iyaka, misali minti 30 a rana. Da zarar lokacin ya cika, alamar manhajar za ta dusashe, ba za ta sake buɗuwa ba sai bayan sha biyun dare. A wannan sashen ne kuma ake samun Focus mode, inda ake dakatar da zaɓaɓɓun manhajoji na tsawon lokacin karatu, har ana iya tsara shi ya riƙa kunna kansa kullum a lokaci guda.

WhatsApp yana buƙatar dabara ta daban, tunda ba a iya fita daga zauren aji. A rufe bakin zaurukan hira da na 'yan unguwa, domin manhajar tana ba da zaɓin awa 8 ko mako guda ko dindindin, a bar na aji kaɗai. A kuma kunna tsarin da ke hana wayar ƙara idan kira ko saƙo ya shigo, wato Do Not Disturb, a ware lambar mahaifi da ta mahaifiya a matsayin waɗanda kiransu zai shigo ko ana cikin karatu, domin ɗalibin da ke fargabar za a neme shi daga gida a rasa ba zai taɓa samun natsuwa ba.

Mataki na biyu shi ne a tattara kayan karatu tun kafin a zauna. Duk lokacin da aka samu wuta da sabis mai ƙarfi, a sauke takardun kowane kwas, a zuba su a jaka mai sunan kwas ɗin. Manhajar Google Drive tana ɗaukar hoton takarda ta mayar da ita PDF, tana kuma bai wa kowane asusu gigabayit 15 kyauta, don haka ko wayar ta lalace ko ta ɓace, rubutun zangon karatu bai salwanta ba. Idan komai yana cikin waya, sai a kashe data. Wannan yana rage cin batir a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, yana kuma hana saƙo shigowa ana tsakiyar shafi.

Mataki na uku shi ne yanka lokaci. Wani mutumin Italiya mai suna Francesco Cirillo ya fito da wata hanya a ƙarshen shekarun 1980, wadda ake kira Pomodoro: a yi minti 25 ana aiki ɗaya tak, a huta minti 5, bayan zagaye huɗu kuma a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Agogon da ke cikin kowace waya ya wadatar. Mai son abin da zai ƙara masa ƙaimi yana iya gwada manhajar Forest, inda ake dasa itace a kan allon waya, idan aka fita daga manhajar kafin lokaci ya cika sai itacen ya bushe. Kafin a kunna agogon, a rubuta a takarda abin da za a yi dalla-dalla, kamar warware tambayoyi biyar na babi na uku, maimakon a ce kawai za a karanta lissafi. A ganina, ɗaliban injiniyanci da lissafi kada su ɗaure kansu da minti 25, domin tambaya ɗaya kan ci fiye da haka, kuma yanke tunani a tsakiyarta asara ne. Irinsu su yi minti 45 ko 50, su huta 10. A lokacin hutun a miƙe tsaye, a sha ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, kada a buɗe bidiyo da sunan hutu. Masana lafiyar ido suna kuma ba da shawarar duk bayan minti 20 a ɗauke ido daga allo, a kalli abin da ke nesa da kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20.

Mataki na huɗu shi ne bita, kuma a nan ne na fi so ɗalibai su dage. Tun a shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a farkon lokaci, kuma maimaita shi a tsakanin tazara yana rage wannan zubewar. Duk wanda ya yi hadda a makarantar allo ko Islamiyya ya san wannan, domin surar da ba a tilawarta guduwa take yi, wadda ta zauna kuma ba sai an biya ta kullum ba. A kan wannan tsari aka gina manhajar Anki. Ta Android, wato AnkiDroid, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, ta iPhone ce ake saya.

Ga yadda ake amfani da ita. A buɗe kundi da sunan kwas, sannan a rubuta kati mai fuska biyu. A gaba a sa tambaya, misali, "A wace shekara aka ƙirƙiri Jihar Gombe, kuma daga wace jiha?" A baya a sa amsa: "1996, daga Jihar Bauchi." Idan katin ya fito, ɗalibi ya fara ba da amsar da kansa kafin ya buɗe, sannan ya danna ɗaya daga maɓallai huɗu da ke nuna ko ya manta, ko ya sha wuya, ko ya tuna daidai, ko abin ya zo masa da sauƙi. Katin da aka manta yana dawowa bayan 'yan mintuna, wanda aka riƙe kuma sai ya yi ta nisa, daga kwanaki zuwa makonni har zuwa watanni. Kowane kati ya ɗauki abu guda, kada a kwafe sakin layi sukutum a zuba. Manhajar tana zuwa da tsarin sabbin katuna 20 a rana, amma gara mai farawa ya rage zuwa 10, domin tsofaffin suna taruwa, kuma idan aka yi mako ba a buɗe ba, yawansu kaɗai ya isa ya karya gwiwa. Katin da ɗalibi ya rubuta da kansa daga abin da malaminsa ya koyar ya fi wanda aka sauko daga intanet amfani, tunda sai an fahimci darasi ake iya mayar da shi tambaya.

Masu shirin JAMB suna da ƙarin aiki. Tun shekarar 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu. Don haka ko da sau ɗaya a mako, ɗalibi ya amsa tsofaffin tambayoyi a kan allo agogo yana tafiya, idan ya samu kwamfuta mai linzami ya fi kyau, domin hannunsa ya saba tun kafin ranar.

Mataki na biyar shi ne mayar da wannan duka ɗabi'a. Loop Habit Tracker manhaja ce ta kyauta a Android, ba ta buƙatar data, aikinta kawai a rubuta ɗabi'ar da ake so, a riƙa sa alama duk ranar da aka cika ta. A fara da biyu kacal, kuma a ɗaura kowacce a kan abin da ba ya tashi a rayuwar ɗalibi: bitar katuna bayan sallar asuba, zagaye biyu na karatu bayan isha'i. Wannan ya fi a ce ƙarfe kaza, domin jadawalin lakca yana canzawa, lokutan salla kuwa suna nan. Idan rana ɗaya ta kuɓuce, a ci gaba washegari ba tare da ƙoƙarin rama ta ninki biyu ba.

Karatun kwana har wayewar gari da ake yi gab da jarrabawa ba na goyon bayansa, domin barci yana cikin abubuwan da ke zaunar da abin da aka koya a ƙwaƙwalwa. A cikin Digital Wellbeing akwai tsarin lokacin barci da ke mayar da allo fari da baƙi ya kuma yi shiru da sanarwa, sai a saita shi ya kama daga ƙarfe sha ɗaya na dare zuwa asuba. Duk ƙarshen mako a sake buɗe sashen a kwatanta awannin wannan mako da na wanda ya gabata, idan wata sabuwar manhaja ta maye gurbin wadda aka taƙaita, ita ma a sanya mata iyaka.