Yadda Ɗalibi Zai Ci Moriyar Darussan Bidiyo da Laccocin da Aka Naɗa

Ɗalibin da ke shirin jarabawar JAMB ko WAEC a Sakkwato, da takwaransa da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, duk suna iya samun malami a cikin wayarsu. Sai dai da yawa suna kwana kallon darasi su wayi gari ba su riƙe komai ba, domin sun ɗauki bidiyon karatu kamar fim.

Matakin farko shi ne a ajiye waya a ɗauko manhajar karatu. Mai shirin JAMB ya samo jerin batutuwan da hukumar ta fitar a kan darussansa huɗu, ɗan jami'a kuma ya duba tsarin kwas da malaminsa ya bayar, sannan ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya shige masa duhu. Da sunan wannan batun kaɗai za a yi bincike a YouTube, ba da sunan darasin gaba ɗaya ba.

Daga nan sai zaɓen malami, kuma a nan ake yawan kuskure. Lissafi, Fiziks da Kimistiri ba su da ƙasa, saboda haka darussan Khan Academy, ko laccocin da jami'ar MIT ta Amurka ta saki kyauta, ko na NPTEL daga Indiya, za su yi amfani, muddin an lura cewa wasu malaman Amurka kan yi awo da ƙafa da mil, alhali jarabawarmu da mita da kilogiram take aiki. Amma Gwamnati, Tarihi da Adabin Hausa sai malamin gida. Wanda ke Boston ba zai koya maka tsarin mulkin Richards na 1946 ko jihadin 1804 yadda mai gyaran takardarka yake so ba. In an sami malami ɗaya da ake fahimta, a tsaya a kansa har a gama babin.

Batun data ba ya buƙatar dogon bayani. A sauke bidiyo cikin dare lokacin da kamfanonin waya ke yin rangwame, a matakin ingancin hoto na 360p, wanda ya isa a ga rubutun allo, domin 720p ya fi shi cin data sosai. Mutum ɗaya ya sauke, sauran abokai su karɓa ta Xender. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kada a riƙa kallo waya tana jone da caji, batir yake kashewa.

Yanzu sai ainihin karatun. A zauna da biro da littafi, a kashe sanarwar WhatsApp, a raba lacca mai awa guda zuwa gaɓoɓi na minti 15. Da zarar malami ya rubuta tambaya a allo, a tsayar da bidiyon, a gwada warware ta kafin a ga amsarsa. In an kuskure, a nemo layin da aka kauce, a sa masa alama da jan biro. Idan Turancin malamin ya yi sauri, a rage gudun zuwa 0.75 a kunna rubutun maganarsa da ke fitowa a ƙasan bidiyo. A karatun zaure, ɗalibi ba ya ƙarin karatu sai ya biya wanda ya ɗauka jiya, kuma wannan ƙa'idar ce ta dace a nan: a rufe littafi, a bayyana abin da aka koya da Hausa, da baki, kamar ana koya wa ƙane. Inda harshe ya sarƙe, nan ne ba a gane ba, sai a koma wannan mintin.

Wanda yake son naɗar laccar malaminsa a aji ya fara neman izini, kuma kada ya yaɗa ta sai da yardarsa. Ya sa wa kowace murya sunan kwas da kwanan wata, ya saurare ta a ranar ko washegari, tun zanen da aka yi a allo bai gushe daga ƙwaƙwalwarsa ba.

A ƙarshen mako a ɗauko tambayoyin shekarun baya a kan babin, a amsa su da agogo a gefe, tunda JAMB tambayoyi 180 take bayarwa cikin awa 2. Waɗanda suka gagara a rubuta su a kai wa malami a makaranta ranar Litinin.