Yadda Za Ka Bi da Bashin Karatu Bayan Karayar Arziki a Amurka

Mutane da yawa a Amurka suna fitowa daga kotun karayar arziki da zaton an sauke musu kowane bashi, sai daga baya takardar neman biyan bashin karatu ta iske su. Dokar karayar arziki, a sashe na 523(a)(8), ta ware wannan bashi daban. Ko ta Babi na 7 na dokar ka bi (sayar da kadara a biya masu bin bashi) ko ta Babi na 13 (biya a hankali bisa tsarin kotu), bashin yana nan a wuyanka sai in kotu ta yafe shi, kuma kuɗin ruwa bai daina hawa ba duk tsawon shari'ar.

Ka fara da tantance wanda yake bin ka. Bashin gwamnatin tarayya yana bayyana a shafin studentaid.gov, wanda bai fito a can ba kuwa galibi na banki ne ko na kamfani. Idan rancen kamfanin ya zarce ainihin kuɗin karatun, mai yiwuwa ya riga ya faɗi tare da sauran basussuka, don haka ka nuna wa lauya takardunsa kafin ka biya ko dala ɗaya.

Neman yafiya yana buƙatar ƙara ta daban a cikin shari'ar, kuma ana iya roƙon kotu ta sake buɗe shari'ar da aka rufe. Yawancin kotuna suna bin ma'aunin shari'ar Brunner ta 1987: ka nuna cewa biyan zai hana ka da iyalinka abin masarufi, cewa halin zai daɗe, kuma ka yi iya ƙoƙarinka wajen biya. Tun Nuwamban 2022, Ma'aikatar Shari'a da ta Ilimi suka fito da fom da mai bashin gwamnati zai bayyana samunsa da ɗawainiyarsa, wanda ya rage wahalar ƙarar sosai. Abin takaici ne yadda tsoro yake hana mabuƙata gwadawa, domin kotu tana iya yafe ko da wani ɓangare ne.

Idan yafiya ba ta samu ba, ka nemi tsarin biya gwargwadon samu, kada ka yi shiru. Bayan kwana 270 ba biya, ana ɗaukar ka wanda ya gaza, kuma gwamnati tana iya yankar har kashi 15 cikin 100 na abin da ya rage a albashinka bayan an cire haraji da makamantansa ba tare da zuwa kotu ba. Wanda ya riga ya faɗa wannan hali yana iya farfaɗo da rancen ta hanyar biya sau 9 a kan lokaci cikin wata 10.