Yadda ake sa kwamfuta ta raba rigimar ban ruwa da manhajar SAT

A fadamar Argungu lokacin noman rani, rabon lokacin ban ruwa kan haɗa 'yan uwa faɗa. Da irin wannan rigimar zan nuna yadda ake aiki da manhajojin da masana ke kira SAT, waɗanda tambaya ɗaya tak suke amsawa: a cikin tarin sharuɗɗa, akwai hanyar da za a cika su duka, ko babu?

Da farko ka mayar da komai ya zama i ko a'a. Mu ce Kawu, Baffa da Yaya za su shayar da shinkafarsu. Kawu lamba 1, Baffa 2, Yaya 3. In lamba ta tsaya haka nan, mai ita da safe zai yi ban ruwa; in ka sa mata alamar debewa, kamar -1, da yamma ke nan.

Sai sharuɗɗa. Kawu da Baffa injinsu ɗaya, ba za su yi lokaci guda ba. Baffa da Yaya kuma tiyo ɗaya suke ja. Shi Yaya safiyarsa ta kasuwa ce.

Wajen mayar da sharuɗɗan nan layukan lambobi ne sababbin shiga ke yawan tuntuɓe. Layin 1 2 0 ma'anarsa aƙalla ɗaya daga cikinsu ya yi da safe, bai hana su biyun su yi ba. Sai ka ƙara -1 -2 0, wato aƙalla ɗaya ya bari sai yamma. Layuka biyun ne tare ke raba su. In ka manta na biyun, kwamfuta za ta iya tura Kawu da Baffa bakin inji da asuba, kuma ba laifinta ba ne. Sifirin ƙarshe alamar rufe layi ce kawai.

Buɗe fayil, ka sa masa suna ruwa.cnf, ka rubuta:

p cnf 3 5
1 2 0
-1 -2 0
2 3 0
-2 -3 0
-3 0

Layin sama yana cewa lambobi uku ne, sharuɗɗa biyar. Wannan tsarin rubutu DIMACS ake ce masa.

Ina ba ɗalibai shawarar su fara da MiniSat, wadda Niklas Eén da Niklas Sörensson na ƙasar Suwidin suka fitar a 2003. Ta tsufa, amma ba ta da nauyi. A kwamfuta mai tsarin aiki na Ubuntu, ka buɗe tagar rubuta umarni (terminal), ka buga sudo apt install minisat, sannan minisat ruwa.cnf amsa.txt. A cikin amsa.txt za ka ga SAT, wato akwai mafita, ƙasansa -1 2 -3 0. Baffa da safe, Kawu da Yaya da yamma.

Ba caca ta yi ba. Ta ga Yaya yamma ce tilas, wannan ya tilasta wa Baffa safiya, safiyar Baffa ta tura Kawu yamma. Wannan bin tilas yana cikin dabarar da Davis, Logemann da Loveland suka wallafa a 1962. Manhajojin yanzu kuma, tun daga wata mai suna GRASP a 1996, in suka ci karo da bango sukan rubuta dalilin, don kada su sake bin hanyar. Mutum uku hanyoyi takwas ne kacal, amma hanyoyin mutum talatin sun haura biliyan ɗaya, kuma tun 1971 Stephen Cook ya nuna cewa matsalar SAT tana cikin mafi wuya a jerin matsalolin da ake iya tantance amsarsu da sauri.

Yanzu ka gwada wani abu. Baffa ya ce shi ma safiya ba ta yi masa ba. Ƙara layin -2 0, ka mayar da 5 na sama 6, ka sake bugawa. Za ta amsa UNSAT. Babu wani rabo da zai gamsar da kowa, sai dai Yaya ya haƙura da kasuwa, ko Baffa ya janye, ko a haɗa kuɗi a sayo tiyo na biyu.