Yadda Ake Sauraron Jiragen Sama da na Ruwa da Tashoshin Soja a Gajeren Zango

A tsakanin tashoshin labarai na gajeren zango akwai mitocin da matuƙan jiragen sama da na ruwa da sojoji suke gudanar da ayyukansu a kai, kuma mai haƙuri zai iya jin su daga ɗakinsa.

Da farko a nemi rediyo mai tsarin SSB (wani salon aika murya da ya bambanta da na tashoshin labarai), a saita ta a kan USB, ɗaya daga cikin ɓangarorin SSB biyu, domin da shi kusan dukan waɗannan tashoshi suke magana. Rediyon da ba ta da shi gunaguni kawai za ta fitar. Daga nan a miƙe wayar eriya mai tsawon mita 10 zuwa 20 a waje, nesa da wayoyin lantarki da caja da inbata, waɗanda hayaniyarsu take danne murya mai rauni. Wanda ba shi da rediyon yana iya amfani da WebSDR, wato rediyon Jami'ar Twente da ke Holan wadda ake sarrafa ta ta intanet.

Ya fi dacewa a fara da tashar Shannon VOLMET ta ƙasar Ailan, wadda take karanta yanayin filayen jiragen saman Turai dare da rana a kan 5505 da 8957 kHz, da rana kuma har a kan 13264 kHz. Tunda ba ta yin shiru, da ita ake gane ko eriya tana aiki, da ita kuma ake koyon juya mita a hankali har murya ta fito tangaran. Mitocin da suka haura 10000 kHz sun fi kamuwa da rana, na ƙasa da su kuwa da dare.

Bayan kunne ya saba, sai a koma 8903 da 8894 kHz, waɗanda aka ware wa cibiyoyin kula da sararin samaniya irin su Kano da Yamai da Injamena. A nan ne ake buƙatar juriya, domin ana iya daɗewa ba a ji komai ba, sannan matuƙi ya faɗi lambar jirginsa da inda yake da tsayin da yake tafiya a kai cikin 'yan daƙiƙoƙi. A ganina wannan sashe ya fi kowanne armashi, tunda jirgin yana iya kasancewa a saman garinmu yake wucewa.

Rundunar sojan saman Amurka tana karanta saƙonnin haruffa da lambobi a kan 8992 da 11175 kHz, kuma ba a iya warware ma'anarsu. Ta fannin teku kuwa, hukumar yanayi ta Jamus tana aika wa jiragen ruwa taswirar yanayi a kan 7880 kHz, wadda manhajar Fldigi take mayarwa hoto a kwamfuta.

A riƙa rubuta mita da lokaci bisa agogon UTC, wanda Najeriya da Nijar suke gabansa da awa 1. A kuma binciki dokar ƙasar da ake zaune, domin ƙasashe da yawa sun hana yaɗa abin da aka ji a waɗannan mitoci.